Motar Cikin Kwali Ta Wuce Wasan Yara

A tsakiyar shekarun 1970, wani kamfani da ke birnin Shizuoka na ƙasar Japan ya ware kuɗi masu kauri ya sayi mota ƙirar Porsche 911. Babu wanda ya hau ta zuwa ofis ko biki. Ma'aikata ne suka kewaye ta da sifana da ma'auni, suka kwance ta noti bayan noti, suka shimfiɗa kayan cikinta a ƙasa suna aunawa suna zanawa. Da aka gama awo aka zo mayar da ita yadda take, abin ya gagare su, sai da aka kira kanikawan da suka san Porsche ciki da bai. Kamfanin shi ne Tamiya. Wanda ya ba da umarnin kuwa Shunsaku Tamiya ne, ɗan wanda ya kafa kamfanin. Shunsaku ya rasu a watan Yulin 2025 yana da shekara 90. Abin da ya fito daga wannan ɗawainiya a 1976 shi ne Porsche 934 ta roba, mai girman kashi 1 cikin 12 na ta gaske, a wargaje cikin kwali, tana jiran mai haƙurin da zai haɗa ta.

Wani zai ji labarin ya ce almubazzaranci ne a kan kayan wasan yara. Wannan fahimta ce ta sa ake raina aikin a wurare da yawa, kuma kuskure ce. Haɗa ƙananan motoci da sake musu fasali yana cikin mafi amfanin abubuwan da yaro ko babba zai ba lokacin hutunsa, kuma ƙasashen da suka ɗauke shi da daraja sun ci moriyarsa a masana'antunsu na gaske.

Wanda ya buɗe kwalin a karon farko ba zai ga mota ba. Zai ga firam-firam na roba masu rassa, kowane reshe na riƙe da 'yan gutsattsari masu lamba: rabin inji, giyabos, lagireto, salansa, kujeru, sitiyari, shokazoba huɗu da ba su kai tsinken ashana tsawo ba. Gefe guda ga bodi, ga gilasai a leda, ga tayoyin roba mai laushi, ga takardar tambura da ake jiƙawa a ruwa kafin a zame su a jikin fenti. An samar da duk wannan ne ta hanyar narka roba a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kusan yadda maƙeran zubi ke zuba sanholo su fitar da tukunya, sai dai mazubin nan an sassaƙa shi da ƙididdigar da ta fi gashin kai siranta. Girman da aka fi sani shi ne kashi 1 cikin 24. Peugeot 504, wadda tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi, za ta koma kimanin santimita 19, wato ta zauna a tafin hannun babban mutum.

Daga nan aiki ya koma hannun mai haɗi, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya zama. Kowane gutsure sai an yanko shi daga reshe, an kankare gurbin yankan da reza, an bi layin da mazubi ya bari da sanfefa har ya ɓace. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su zama jiki ɗaya kamar walda. Idan aka zuba da yawa, roba ta yi laushi, zanen yatsa ya zauna a jikin ƙofa har abada. Idan ɗigo ɗaya ya taɓa gilashi, ya yi hazo ke nan. Kayan da aka yi wa rufin ƙyalli, irin su bamba da rim, gam ba ya kama su sai an kankare wurin da za su haɗu. Kafin a shafa komai sai an gwada ɓangarorin a bushe an ga sun zauna.

Fenti kuwa shi ne babbar jarrabawa. Ana fara da shafen ƙasa mai launin toka wanda ke tona duk wani rami ko ƙarzuwa, a cike, a goge, a sake. Sannan a fesa launi sama-sama, hawa uku ko huɗu, ana jira tsakanin kowane hawa, wani lokaci kwanaki kafin a taɓa. Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne mai sauƙi: duk abin da ya hau jikin motar, ido yana ninka shi sau 24. Ƙwayar datti mai kaurin milimita ɗaya daidai take da tsakuwa mai kusan santimita biyu da rabi manne a bonet ɗin motar gaske. Shi ya sa masu wannan aiki ke kife kwali a kan bodi da zarar sun fesa, dabarar da duk wanda ya taɓa fenti a lokacin hunturu zai fahimta ba sai an yi masa bayani ba. Mai gaggawa ba ya gama mota mai kyau, kuma motar ce da kanta ke nuna masa inda ya yi gaggawar.

Akwai wani darasi da ba a cika lura da shi ba, wato takardar umarni. Kalmomi kaɗan ne a cikinta. Zane ne na kayan mota a warwatse, da kibiyoyi masu nuna abin da ke shiga cikin wani, mataki bayan mataki. Yaron da ya bi irin wannan takarda sau biyar ya koyi karanta zanen injiniya ba tare da ya san yana koyo ba. Ya san cewa ƙarfin inji yana bi ta giyabos ya ratsa farfela ya isa tayoyin baya, domin da yatsunsa ya jona su. Masana'antar Peugeot da ta fara aiki a Kaduna a 1975 ta ginu ne a kan wannan tsari a babban mataki: kayan mota a wargaje cikin akwatuna daga Faransa, da zane, da hannayen da suka iya bin zane.

Shizuoka ba ta zama cibiyar wannan sana'a da tsakar dare ba. Gari ne na masassaƙa tun ƙarni na 17, lokacin da aka tara gwanayen katako daga ko'ina don gina wuraren ibada, da yawansu kuma suka yi zamansu bayan an gama. Tamiya kanta a 1946 wurin yankan katako ce, daga baya ta shiga yin ƙananan jiragen ruwa na itace. Da kayan roba na Amurka suka shigo suka kashe kasuwar itace, sai ta juya. Samfurinta na farko na roba, jirgin yaƙi Yamato na 1960, bai yi kasuwa ba, amma ba ta ja da baya ba. A yau kamfanonin Tamiya da Aoshima da Hasegawa da Fujimi duk 'yan jihar Shizuoka ne, can kuma Bandai ke da masana'antarta, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan kaya da Japan ke samarwa daga nan suke fitowa. Kowane watan Mayu ana baje kolinsu, al'adar da aka fara tun 1959. Hukumar birnin har akwatin gidan waya ta kafa mai siffar firam ɗin roba da ba a haɗa ba, don baƙo ya san garin da ya shigo.

Sai dai bin takarda rabin labarin ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi daɗi kuma ya fi koyarwa, daga Amurka ya taso.

Kamfanin AMT, da aka kafa a jihar Michigan a 1948, ya fara ne da yi wa dillalan motoci ƙananan samfura da suke ba masu ciniki su kai wa 'ya'yansu. A 1958 ya fito da dabarar da ta sauya komai: kwali ɗaya, mota uku. Mai saye zai iya haɗa ta yadda ta fito daga masana'anta, ko ya mayar da ita ta tsere, ko ya yi mata ado irin na samarin Kalifoniya, domin an zuba masa ƙarin kaya a ciki: wasu rim, wasu fitilu, salansa mai bin gefe, tamburan harshen wuta. Lokacin kuwa ana tsakiyar yayin sake wa tsofaffin motoci fasali a gareji. Yaro ɗan shekara 12 da bai isa tuƙi ba ya samu hanyar yin abin da yayyensa ke yi da walda, shi da reza da gam a kan teburin ɗakinsa.

Kamfanonin suka fahimci inda kasuwa take, suka jawo mashahuran masu gyaran motoci. AMT ta ɗauki George Barris a matsayin mai ba da shawara. Revell ta ƙulla da Ed Roth, tana biyansa santi ɗaya a kan kowane kwali da aka sayar na motocin da ya ƙirƙira, kuma a 1963 kaɗai ya karɓi dala 32,000. Wanda ya yi lissafin zai ga kwali fiye da miliyan uku ke nan a shekara guda, na mutum guda. A 1968 kuma aka yi abin da ya juya tsarin baki ɗaya: Tom Daniel ya zana wa kamfanin Monogram wata mota mai suna Red Baron mai rufi irin hular ƙarfen sojan Jamus, wadda babu irinta a titi. Ta yi kasuwa har aka gina babbarta a shekarar da ta biyo, ana kwaikwayon ƙaramar.

Sake fasali ba ado kawai ba ne, kuma misali ɗaya ya isa. Wanda yake so ya sauke rufin mota ƙasa don ta yi kama da mai gudu zai yanke ginshiƙan rufin ya rage musu tsawo. Da ya ɗora rufin sai ya ga bai kai ba, ya yi gajere. Dalili shi ne ginshiƙan a karkace suke, suna buɗewa ta ƙasa, don haka duk abin da aka rage a tsaye sai an ƙara shi a kwance. Dole ya raba rufin, ya sa ƙari a tsakiya, ya cike, ya goge, sannan ya yanka sabon gilashi da zai dace. Wannan ita ce matsalar da mai gyaran bodi na gaske ke fuskanta, babu bambanci ko kaɗan, sai dai a nan kuskure bai wuce asarar roba ba. Haka mai son sa injin babbar mota a cikin ƙarama zai gano da kansa cewa bonet ba zai rufu ba sai ya matsar da lagireto. Wasu suna jan siraran wayoyi daga kowane fulogi, wasu suna haɗa kayan kwali uku su fitar da motar da ba a taɓa ƙerawa ba. Akwai kuma masu tsufar da mota da gangan: su shafa launin tsatsa a ƙasa, su barbaɗa gishiri a kan danshi, su fesa launin mota a sama, sannan su kakkaɓe gishirin, fenti ya fito a ɓanɓare kamar motar da ta shekara 20 a rana. Kafin mutum ya iya wannan sai ya tsaya ya kalli inda tsatsa ke fara cin ƙarfe a motar gaske. Abin da aikin ke koyarwa ke nan tun kafin hannu: kallo.

Japan ma ta kawo nata salon. Bayan finafinan direbobin manyan motoci da aka fara a 1975, Aoshima ta shiga fitar da ƙananan manyan motocin kaya masu fitilu da ƙyalli da zane, waɗanda ake kira dekotora. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan gingimari a hanyar Kano zuwa Zariya yana karanta rubutun da ke jikinta zai gane wannan sha'awa nan take.

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin wannan aiki ita ce gasar da General Motors ta ɗauki nauyi daga 1930 zuwa 1968, mai suna Fisher Body Craftsman's Guild. Da farko ana neman samari su gina ƙaramin keken doki irin na zamanin Napoleon, wanda shi ne tambarin sashen bodi na kamfanin. Daga 1937 aka buɗe musu ƙofa su ƙirƙiro motar da suke hasashe, a girman kashi 1 cikin 12. Babu kwali, babu kayan da aka riga aka zuba. Itace ne da sassaƙa da fenti. Kyautar kuwa kuɗin karatun jami'a ce. Miliyoyin yara suka yi rajista a tsawon shekarun. Chuck Jordan, wanda ya ci a 1947, shi ne ya zama shugaban sashen zanen motoci na General Motors daga 1986 zuwa 1992. Kamfanin ba sadaka yake yi ba. Ya san cewa wanda zai zana motar shekara 20 masu zuwa yana nan yanzu yana fere itace a bayan gida, kuma ya fi sauƙi a nemo shi tun yana ɗanye. Har gobe, duk da kwamfuta, ɗakunan zanen motoci suna sassaƙa samfuri da yumɓu na musamman, al'adar da mai zanen motoci Harley Earl ya kafa a General Motors tun ƙarshen shekarun 1920, domin ido da tafin hannu suna gano laifin da allo ke ɓoyewa.

Akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma wasu suna da tushe. Gam da fenti suna da tururi mai cutarwa. A Amurka ta shekarun 1960 shaƙar gam ta zama annoba a tsakanin matasa, har kamfanin Testors ya zuba man mastad a cikin nasa don ya hana. Al'ummar da ta san illar sholisho ba za ta ɗauki wannan da wasa ba. Maganinsa a yi aiki a buɗaɗɗen wuri, babba na kusa, a kuma yi amfani da fentin da ake sirkawa da ruwa, wanda yanzu ya wadatu. Ƙorafi na biyu tsada ce. Kwalin da bai wuce 'yan dubban yen ba a Tokyo, idan aka ɗora masa kuɗin jirgi da canji da fenti da kayan aiki, ya fi ƙarfin yawancin iyaye a Kano ko Damagaram. Wannan gaskiya ce da ba ta da kwana.

Sana'ar kanta ta yi rauni a Amurka. Tsadar man fetur ta 1973 ta ɗaga farashin roba, wasannin bidiyo suka janye yara, kamfanonin motoci suka fara karɓar kuɗin izini kafin a kwaikwayi ƙirarsu. Tsofaffin sunaye suka yi ta sauya hannu: AMT yanzu tana ƙarƙashin Round 2 a jihar Indiana, Revell kuma ta koma hannun masu zuba jari na Jamus bayan uwar kamfaninta ta karye a 2018. Yawancin masu haɗi a yau magidanta ne, waɗanda suka fara tun suna yara. Wasunsu sun koma tara kwalaye a ɗaki ba tare da sun buɗe ba, wasu sun koma sayen ƙananan motocin ƙarfe da aka riga aka gama. Tarin kaya halal ne ga mai kuɗinsa, amma ba shi ne aikin ba. Motocin da ake ƙwama su ba gam ba fenti suna da amfani a matsayin ƙofar shiga ga yaro ɗan shekara bakwai. Wanda ya tsaya a kansu ya tsallake duk wuraren da ake koyon wani abu. Abin da ya ba da sabon fata shi ne na'urar da ke buga abu mai jiki daga zanen kwamfuta. Da ita, wanda ya iya zane zai fitar da rim ko inji ko bodin motar da babu kamfanin da ya damu da ita, ko da Adaidaita Sahu ce ko tsohuwar a-kori-kura.

A nan ne batun ya taɓo gida. Ƙasar Hausa ba ta da al'adar kwalin roba, amma tana da abin da gasar General Motors ta nema, wato gini daga babu. Motar kara da ake soke ɓargon karan dawa da siraran ɓawonsa, motar gwangwani, motar langa-langa, motar waya mai dogon sitiyari da ke juya tayoyin gaba da gaske, tayoyin da ake yankowa daga tsohon silifas: duk yara ne suka ƙirƙiro su, ba takarda ba malami. Yaron da ya sa wa motarsa ƙofa mai buɗewa da fitila mai batir ya riga ya yi abin da masu haɗin ƙasashen waje ke ɗauka a matsayin matakin gwanaye. Abin da ya rasa shi ne awo da tsani. Babu wanda ya ce masa ya auna motar gaske ya raba da 12, kuma idan ya kai shekara 14 sai a ce ya girma da wasan banza. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, daga baya a 2017 aka ba shi shugabancin hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Ya isa shaida cewa idon da ke ganin siffar mota yana nan a cikin yaranmu.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kwalta kilomita ɗaya ba. Hukumomin makarantun kimiyya da fasaha na jihohi, tare da dillalan motoci da ƙungiyoyin kanikawa, su kafa gasa ta shekara-shekara ga yara maza da mata. A tsayar da girma ɗaya, kashi 1 cikin 12. A bar kowa ya yi da abin da ya samu, gwangwani ko itace ko waya ko roba, amma ya zo da zanen awonsa a takarda. Alƙalai su haɗa da injiniya da mai gyaran bodi da mai fenti, kyauta kuma ta zama kuɗin makaranta da akwatin kayan aiki. Makarantar da ke da hali ta sayi kwali biyu ko uku na Tamiya ko Revell a haɗa a aji, don yara su ga yadda ake bin zane. Kafin hukuma ta motsa kuwa, uban da ya tarar da ɗansa a zaure yana yanka gwangwanin madara ya saya masa rula da sanfefa da ƙaramar filaya, ya kai shi garejin unguwa ya auna motar gaske.